Ranar da Ba a Kashe Emmett Ba

Alder, Ohio
9 ga Janairu, 1984

Emmett ɗana,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gwaggonka Verna, da fatan takardar nan za ta same ka da ranka, don jiya a talabijin na ga an jeho ka daga saman bene. Mu nan lafiya lau sai sanyi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, amma har yanzu da ƙafata nake zuwa coci.

To, ka sake mutuwa. Ko shayin da na zuba bai huce ba aka gama da kai. Shekara goma sha shida kana wannan aiki na wasan kwaikwayo a Los Angeles, an harbe ka, an soke ka, an nutsar da kai, akwai wanda doki ma ya taka ka. Ni da na riƙe ka tun rasuwar ubanka ko ɗan yatsa ban bari ka karya ba.

Da gari ya waye sai ga maƙwabciyata Doreen Platt kamar yadda ta saba, da kwanon makaroni da cuku an rufe da tawul, ta wani langaɓe kai irin na masu zuwa gaisuwar mutuwa.

"Verna, sai haƙuri. Mun ga rashin da aka yi."

Na ce, "Ajiye kan tebur, Doreen, Allah ya bar zumunci. Amma na mutuwar da ta wuce gishiri ya yi yawa."

Ta ce ita dai ɗanta Gary tunda ya zama likitan haƙori bai taɓa faɗowa daga bene ba. Na ce ƙwarai, kuma ba wanda ya taɓa murnar ganinsa. Tare muka cinye makaronin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na je ganin likitan ido a Columbus. Duhun nan da nake gani a tsakiyar abu ba dattin tabarau ba ne, kuma ba ya gyaruwa. Ya ce gefe-gefe zai rage min, ba zan riƙa cin karo da kujera ba, amma fuskoki su ne za su fara tafiya, wataƙila zuwa Kirsimeti mai zuwa. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga bas.

Ban taɓa roƙonka komai a kan aikinka ba, yau zan roƙa. Ka nemo min wasa guda ɗaya tak da za ka kai ƙarshensa da ranka, da riga mai tsabta, kana dariya. Ina so in gani da idon nan kafin ya rufe. Na gaji da ganin fuskarka a ƙasa.

Kada ka kira ni a waya kan wannan. A waya muryar aiki kake yi min, ka ce komai lafiya, ni kuma in yarda. A takarda nake kama ka.

Gwaggonka,
Verna


Los Angeles
13 ga Fabrairu, 1984

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida gwiwa, ina gaida Doreen da makaroninta. Ni ko ƙwarzane babu. Ba ni aka jeho ba, akwai wanda faɗowa ce sana'arsa. Nawa aikin in kwanta a kan siminti, a shafa min ruwan sikari mai jan kala a matsayin jini, in daina numfashi har darakta ya ce ya isa. Kar ki raina, ba kowa ya iya buɗe ido ya ƙi ƙiftawa ba.

A cikin mota na karanta takardarki, a bakin wurin aiki. Da na zo kan maganar likita sai na kasa fita, har mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. Abin ya taɓa ni ƙwarai, kuma na ji haushin da kika tafi Columbus ke kaɗai.

Washegari na je wajen Sal, wakilina mai nemo min aiki, na ce masa daga yau na daina mutuwa. Ya cire sigari daga baki ya dube ni.

"Da wannan hancin, Emmett? Kai fa ka fi kowa iya mutuwa a garin nan."

Na ce gwaggona ce ta ce. Ya ce tunda haka ne ba shi da ta cewa.

Na sha yawon gwaji, har aka tura ni wani wasan barkwanci mai suna Shagon Gus, labarin wani mai gidan burodi da iyalinsa. Matar da ke zaɓen 'yan wasa ta ce in nuna mata yadda zan kwaɓa fulawa, ga tebur babu komai a kai. Sai kawai na tuna ki ranar Asabar a kicin. Na naɗe hannun riga na shiga dukan tebur ina yi wa ƙullun faɗa: "Ka tashi ko kar ka tashi, ba wanda zai jira ka!" Har tsakin nan naki na yi. Matar ta yi dariya har ta ɓarar da kofi. Gwaggo, ni ne Gus. Farar riga, farar hula, kuma duk labarin babu mai bindiga.

Amma ki karanta wannan a hankali. Kashi ɗaya kawai za mu ɗauka, na gwaji. Za a kai wa manyan gidan talabijin a New York tare da wasu da yawa irinsa, a watan Mayu su zaɓi kaɗan su watsar da saura. In sun saya, za a fara nunawa ranar Laraba a Satumba. In ba su saya ba, ba wanda zai taɓa gani, kuma yawanci hakan ake yi. Ki riƙe a cikinki tukuna.

Ɗanki,
Emmett


Alder
21 ga Fabrairu

Emmett ɗan albarka,

Lafiya lau muke, gwiwa ma tunda takardarka ta zo ta manta da ciwo. Ranar Laraba a Satumba! Na sa gilashin ƙara girma na yi ta maimaita layin nan. Sauran dogon bayanin na manyan New York ban wahalar da idona a kansa ba. Wa zai ga ɗana da farar hula ya ce ba ya so?

Ranar Lahadi da Fasto Meeks ya tambaya ko akwai mai sanarwa, na miƙe na ce, "Jama'a, Emmett ya daina mutuwa." Coci ya ɗauki tafi. Na kama mana ɗakin taron nan na ƙasan coci, Fasto zai kawo babbar talabijin ɗinsa mai kala, matan ƙungiyar coci har sun raba girki. Doreen ta ce to ita yanzu wa za ta riƙa kai wa makaroni. Na ce ta kai wa waɗanda Gary ya cire wa haƙori, ai ba sa iya tauna.

Sai maganar tsaki. Ni ba na tsaki a kicin, kuma ban taɓa yi wa ƙullu faɗa ba, shawara nake ba shi. Ka gyara.

Gwaggonka


Los Angeles
2 ga Maris

Gwaggo,

Ina lafiya, ko in ce ina lafiya kafin takardarki ta zo. Na ce ki riƙe a cikinki, kika kai coci! Ban ce za a nuna ba, cewa na yi in sun saya. Yanzu kin ɗora min garin Alder gaba ɗaya a ka, har da talabijin ɗin Fasto.

Tunda magana ta riga ta fita, ga abin da zan iya. Ranar Juma'a 6 ga Afrilu za mu ɗauki wasan, kuma irin wannan a gaban 'yan kallo ake yi, don a ɗauki dariyarsu tare da shi. Na samar miki kujera a layin farko, tikitin jirgi yana cikin ambulan. Na san kin rantse ba za ki hau abin da ba ya taɓa ƙasa ba. Ki warware rantsuwar, Fasto zai fahimta. Ba na so mu jira Satumba da idon nan.

Kuma ki taho da dariyarki duka. Wadda nake nufi ita ce mai farawa kamar shaƙuwa, ta hau sama, ta ƙare da gurnani ta hanci, wadda ta sa aka fitar da mu daga sinima ina ƙarami. Nan ne kaɗai wuri a duniya da za a gode miki a kanta.

Emmett


Alder
12 ga Afrilu

Emmett ɗana,

Na iso gida lafiya. Jirgi bai faɗi ba, na riƙe shi da addu'a tun daga tashi har sauka. Gwiwa ta kumbura kaɗan, ban damu ba.

Na san kana wurin, amma kai daga can ka gani. Bari in faɗa maka yadda abin yake daga kujerata, don ranar ban iya magana ba.

Da farko sanyi ya kusa kashe ni, ashe da gangan suke yi don kar mutane su yi barci. Ga kyamarori sun tare gaba, ga makirufo rataye a saman kawunanmu. Sai da na karkata kai kamar kaza kafin in samo ka ta gefen ido. Ka fito da tiren burodi, fari tas daga sama har ƙasa. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Wannan mutumin ba shi ake kashewa kullum ba?" Na ce, "Ɗana ne, kuma yau hutu yake."

Komai na tafiya daidai har aka zo wurin da kake dukan ƙullu, matar nan da ta fito a matarka ta lallaɓo ta bayanka. Emmett, wallahi ban ga kek ɗin ba. Duhun idona a kansa ya zauna. Abin da na gani kawai wuƙa ce tana ƙyalli a hannunta, kai kuma ka juya baya. Shekara goma sha shida ina ganin abin da ke biyo bayan wannan. Ban san sanda na miƙe ba.

"Emmett, bayanka! Wuƙa ce!"

Kowa ya juyo yana kallona. Wata murya daga rufi ta ce, "A tsaya. Wace ce wannan?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai na ga farin abu yana tahowa, ka ratsa tsakanin kyamarorin, ka zo har bakin ƙarfen da ya raba mu, ka sunkuyo dab da fuskata. Fulawa har a girarka.

"Gwaggo, kek ne. Ranar haihuwar Gus ce. Ba wanda zai kashe ni yau."

Ka faɗa kana ƙoƙarin shanye dariya, ka kasa. Shi ke nan tawa ta ɓalle. Na toshe baki da jaka, ta fito ta hanci. Jama'a suka ɗauka, matar taka ta zauna a ƙasa da kek ɗinta tana share hawaye. Ni dai na san ba kek nake yi wa dariya ba, wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina. Daga nan aka sake ɗauka, kuma na gan ka har ƙarshe, ka riƙe hannun sauran kuka rusuna, a tsaye da ƙafarka.

Ina jiranka a bakin ƙofa sai ga wani dattijo da abin saurare na kunne rataye a wuya, ya ce sunansa Hector, shi ne mai ɗaukar sauti. Na fara ba shi haƙuri, ya riƙe hannuna biyu.

"Haƙurin me, Mama? Tun ina saurayi nake ɗaukar dariyar mutane, ban taɓa jin irin taki ba. Daga ina kika zo da ita?"

Na ce daga Ohio. Mutumin kirki ne, amma yana buƙatar aski.

Allah ya kai mu Satumba in sake ganin fuskar nan a babbar talabijin. Maganar wuƙa kuwa ban faɗa wa Doreen ba. Ka riƙe a cikinka.

Gwaggonka


Alder
18 ga Yuni

Emmett,

Ina fatan kana lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Tumatir ya yi kyau bana, ido ne bai yi ba. Ka ga yadda rubutuna ya girma.

Takarda biyu na aika maka, shiru. Mayu ya zo ya wuce. Har na karya dokata na kira ka a waya, sai wata na'ura ta amsa da muryar aikin nan taka, wai in bar saƙo. Ban saba magana da akwati ba, na ajiye.

Doreen ta ce haka suke, da sun samu shiga sai su manta da wanda ya wanke musu wando. Na ce ƙarya take, amma da ta tafi na zauna ina tunani. In abin da na yi a gaban manyanka ne, ka faɗa min kai tsaye. Na san na kunyata ka, tsohuwa 'yar ƙauye tana ihu a wurin aikin mutane. Ba sai ka ƙara gayyata ta ba, amma ka rubuto ko layi biyu ne. Wace Laraba ce a Satumba? Fasto yana tambaya.

Verna


Los Angeles
29 ga Yuni

Gwaggo,

Lafiyata ƙalau, kuma ki gaya wa Doreen ban samu shiga ko'ina ba. Ba su saya ba. Tun tsakiyar Mayu Sal ya kira ni, wai sun ce wasan ya yi daɗi amma sun zaɓi wani ya hau ranar Larabar. Na sha zama in rubuta miki ina yagawa. Ke kika ce a takarda kike kama ni, shi ya sa na guji takarda.

Kunya kuma? Gwaggo, a duk shekarun aikina ban taɓa yin rana mai daɗin wannan ba. Har yau ma'aikatan wurin in sun hango ni sai su ɗaga murya, "Emmett, bayanka!"

Na roƙi kamfanin su ara min kaset ɗin ko na kwana ɗaya in kawo miki, suka ce kayansu ne, an kulle a ɗakin ajiya. Na nemi wani wasan irinsa, kowa hancina yake kallo. Na koma tsohuwar sana'a, wata mai zuwa za a ture ni da mota.

Abu ɗaya kika taɓa roƙona, ga shi ya ƙare a ɗakin ajiya, na bar ki da ɗakin taro da mutanen gari. Ki yafe min.

Emmett


Alder
10 ga Yuli

Wawan ɗana,

Lafiya lau. Ashe don wasu masu kwat ba su san abu mai kyau ba ka bar ni ina ta zargin kaina? Da kana kusa da ka sha muciya.

Na miƙe a coci na faɗa musu da bakina, tunda da bakina na fara. Doreen ta kawo makaroni, wai gaisuwar mutuwar Gus, amma wannan karon ta rungume ni. Matan ƙungiya sun ce girki an riga an raba, ba fashi. Za mu taru ranar, mu kalli abin da aka sa a madadinka, mu zage shi tare.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi. Na so in ƙara ganin fuskar nan ko sau ɗaya. Ka riƙa cin abinci.

Gwaggonka


Alder
20 ga Satumba

Emmett!

Lafiya, lafiya, bar gaisuwa ka saurara.

Jiya muka taru, ɗaki ya cika. Ka san abin da suka sa a madadinka? Wasan wani likitan haƙori! Doreen har da gyara zama. Ni ba na ganin komai sai haske da inuwa, amma kunnena ya gaya min wasan ba shi da gishiri. Mu dai kowa ya ɗaure fuska kamar yadda muka shirya. Likitan ya faɗi wata magana da ko jariri ba zai yi wa murmushi ba, sai aka ji shaƙuwa, ta hau sama, ta ƙare ta hanci.

Fasto Meeks ya juyo. "Haba Verna, mun yi alkawari fa. Me ya ba ki dariya a nan?"

Na ce, "Fasto, bakina cike yake da dankali."

Doreen ta ce, "Kar ki yi ƙarya a coci, duk garin nan wa bai san dariyarki ba?"

Ba ta rufe baki ba sai ga ta kuma, ni kuwa cokali na bakina kowa na gani. Daga cikin akwatin take fitowa, Emmett! Dariyata ce! Mijin Doreen ya zagaya bayan talabijin yana leƙe. Ɗaki ya kaure, aka manta da zagi, kowa ya kasa kunne yana jiran ta sake fitowa, in ta fito a yi tafi. Fasto ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Ni ban taɓa ganin likitan nan ba, kuma ko na gan shi ba zan yi masa dariya ba. Yaya aka yi na shiga wasansa? Ka binciko min.

Gwaggonka


Los Angeles
8 ga Oktoba

Gwaggo, ko in ce ranki ya daɗe,

Ina lafiya, kuma na binciko. Hector ne, mai buƙatar aski. In an gama ɗaukar wasa aka ga wata magana ba ta ba mutane dariya ba, shi ake kira ya cike gurbin. Yana da wani akwati mai maɓallai, kowane maɓalli da dariyar da ya taɓa ɗauka. An kulle Gus a ɗakin ajiya, amma ya ce zuciyarsa ba ta bar shi ya kulle taki ba. Ya nuna min maɓallinki, ya liƙa masa suna Ohio.

"In magana ta mutu murus, Ohio nake dannawa," in ji shi. "Ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Wasa uku kike fitowa duk mako yanzu. Ni shekara goma sha shida ban taɓa samun uku a mako ba. Sal ya ce in tambaye ki ko kina da wakili.

Amma da gaske, Gwaggo, bai nemi izininki ba, kuma a wasan da ya ture nawa ake sa ki. In abin ya ɓata miki rai, ya ce kalma ɗaya ta isa ya cire. Ni ban san me zan ji ba. Ke kika roƙa a gan ni, ga shi ke ake ji.

Zan zo Kirsimeti. Kafin nan, Lahadin farko (ta biyu, in sun sake canzawa) ta Disamba za a ba ni guba a miya.

Ɗanki


Alder
26 ga Nuwamba

Emmett ɗana,

Rubutun Doreen ne wannan, in ka ga kuskure nata ne. (Babu kuskure. Doreen.) Muna lafiya, ƙanƙara ta fara sauka, gwiwa ta dawo da halinta. Na daɗe ban amsa ba don na yi ta ƙoƙarin rubutawa da kaina, layukan suna hawa kan juna.

Likitan ido bai yi ƙarya ba, har ya ɗan yi sauri. Fuskoki sun tafi. Doreen tana gabana yanzu, ina ganin rigarta da gashinta, tsakiya babu kowa. Ta ce ban yi asarar komai ba in na daina ganin tata, wannan ne karo na farko da muka yarda da juna.

Ka gaya wa Hector in ya taɓa maɓallin nan zan sake hawa jirgi in zo in same shi.

Bari in gaya maka dalili, tunda kai ba ka gane ba. Na faɗa wa Doreen maganar wuƙa, ta yi dariyarta ta gama, don haka ba sauran asiri. Duk Amurka suna jin wata tsohuwa tana yi wa likitan haƙori dariya. Ni kaɗai na san abin da tsohuwar nan take kallo. Kai take kallo, ka sunkuyo a kan ƙarfe, farar riga, fulawa a gira, kana cewa ba wanda zai kashe ka yau. Ita ce fuskarka ta ƙarshe da na gani sosai. Na ɗauka sun kulle ta a ɗakin ajiya, ashe duk Laraba ake kawo min ita har falo. Da na ji shaƙuwar nan ta fara sai in gan ka, tas, ba duhu a tsakiya.

Don haka ka daina cewa ka kasa. Abin da na roƙa ka ba ni.

Doreen ta tsaya neman hankici, wai mura ce. In ka zo Kirsimeti ka taho da farar hular in sun bar maka, ina so in taɓa.

Maganar guba kuwa, ka mutu da kyau, ɗana, ka buɗe idon nan kar ka ƙifta. Ni ba zan kunna ba. Ta Laraba nake jira.

Gwaggonka,
Verna